Tuban Mai Baƙin Kwalkwali

Yau ban zo maka da zancen takin gona ba, ko na lissafin asusun ƙungiya. Wata gardama ce ta tashi a ajinmu na yaƙi da jahilci, ta ƙi kwanciya, har na ga gara in kawo ta gabanka ko kai ma ka sa baki.

Ga yadda abin ya faro. Da aka gama girbi, aiki ya yi sauƙi, sai ɗalibaina suka roƙe ni in riƙa nuna musu silima ran Alhamis da dare, tunda ba mu karatu a wannan rana. Na aro kwamfuta, muka ɗora ta bisa teburin aji, maza a kan benci, mata a gefe bisa tabarmi. Fim ɗin da Faransanci yake magana, don haka ni ne tafinta: in tsayar, in fassara, in sake shi ya ci gaba. Mako shida muka yi muna bin labari guda, wanda ake kira Star Wars, wato Yaƙin Taurari.

In ba ka taɓa ganinsa ba, irin labaran nan ne da Turawa ke ƙagowa bisa kimiyya: jirage masu tafiya tsakanin taurari, mutum-mutumin ƙarfe masu magana, takubban haske, duniyoyi barkatai kowace da irin halittunta. Tatsuniya ce, sai dai ta manya, an cire Gizo da Ƙoƙi an sa inji. Wani Ba'amurke mai suna Joj Lukas ne ya ƙago ta. Fim na farko ya fito a 1977, na biyu a 1980, na uku a 1983. Daga baya ya koma ya ba da farkon labarin cikin wasu uku, a 1999 da 2002 da 2005. Mu kuwa ba mu bi shekarun fitowarsu ba, tafiyar labarin muka bi, daga ƙuruciyar mutumin har mutuwarsa. Ka riƙe wannan, zan komo kansa.

Mutumin da gardamar ta tashi a kansa dogo ne, sanye da baƙar alkyabba, baƙin kwalkwali ya rufe masa kai da fuska ruf. Ba ka ganin idonsa. Numfashinsa kawai kake ji, yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri. Masu Ingilishi suna kiransa Darth Vader, Faransawa suka mai da shi Dark Vador, mu kuma a bakinmu ya zama Bador. Tambayar ita ce: mutum ya yi shekara 23 yana zalunci don neman mulki, sa'an nan cikin mintocinsa na ƙarshe ya yi aikin kirki guda ɗaya, ya mutu. Ya wanke kansa ke nan?

Bari in fara ba ka tarihinsa, don ba a yanke wa mutum hukunci ba a san inda ya fito ba. Sunansa na yanka Anakin. Bawa ne, uwarsa ma baiwa, a wata duniya mai suna Tatuwin, wadda ba kome cikinta sai rairayi da rana biyu. Da hoton wurin ya fito, wani ɗalibi da ya taɓa zuwa ci-rani arewa ya ce, "Malam, wannan ai hamadarmu ce!" Bai yi nisa da gaskiya ba, gama a kudancin Tunisiya aka ɗauki yawancin hotunan, kuma daga garin Tatawin na can aka aro sunan. Yana da shekara 9 wasu mayaƙa da ake kira Jedai suka zo. Su Jedai wata ƙungiya ce ta masu tsaron gaskiya, suna da wani ƙarfi na ɓoye, ba su aure, ba su tara dukiya. Suka ga yaron yana da wannan ƙarfi fiye da kowa, suka ƴanta shi, suka tafi da shi. Uwar kuwa aka bar ta cikin bauta. Matan ajinmu ba su yafe wa Jedai wannan ba har yau, kuma ina ganin da gaskiyarsu.

Bayan shekara 10 ya yi ta mafarkin uwar tana cikin wahala. Ya koma, ya tarar ta sami ƴanci har ta yi aure, amma wasu mahara na cikin hamada sun sace ta. Ya bi sawu har zangonsu, ya same ta a ɗaure, ta cika a hannunsa. A daren nan ya zare takobi ya karkashe zangon kaf, maza da mata da yara. Da ya dawo ya faɗa wa Padme, yarinyar da yake so, abin da ya yi. Ya kuma yi alkawari zai zama mai ƙarfin da ba a taɓa yi ba, har ya hana mutane mutuwa. To, a nan ne son mulkinsa ya yi saiwa. Ba kujera ya fara so ba. Tsoron rashi ne ya kama shi, ya ga maganin rashi shi ne kome ya kasance a tafin hannunsa. Tun kafin wannan ma, suna hirar siyasa da Padme, ya ce in mutane sun kasa shiryawa a majalisa sai a sami wani mai hikima ya tilasta musu. Ta ɗauka wasa yake yi.

Akwai wani tsohon ɗan siyasa, Palpatin, mai taushin murya. Ya fara da ɗan majalisa, ya zama shugaban gwamnatin jamhuriya, ya haddasa yaƙi a ɓoye yana riƙe da linzamin ɓangarorin biyu, daga ƙarshe ya naɗa kansa sarkin daula ana yi masa tafi. Shi ne ya gane ciwon yaron. Anakin ya auri Padme a asirce, ta sami ciki, ya yi mafarki za ta mutu wurin haihuwa. Palpatin ya ce masa akwai ilimin da ke hana mutuwa, amma ba a wurin Jedai ake samunsa ba. Anakin ya durƙusa ya yi mubaya'a. Aikin farko da aka ba shi, ya je babban gidan Jedai da soja ya share kowa. Cikin wani ɗaki ƙananan almajirai sun ɓuya bayan kujeru. Da suka ga shi ne sai suka fito, wani ɗan yaro ya tambaye shi yadda za su yi, don ya san shi babbansu ne. Sai ya kunna takobinsa. Ba a nuna sauran ba. Ban fassara kome ba a wurin nan, ajin ma ba wanda ya yi ko tari.

Matar da ya ce don ita ya yi duk wannan ta bi shi har wata duniya mai aman wuta, tana roƙonsa su gudu su bar kome. Me ya ce mata? Ya ce yanzu ya fi Palpatin ƙarfi, zai iya kawar da shi, su biyu su mallaki duniyoyin nan su tsara su yadda suke so. Ta ƙi. Ya hango malaminsa Obi-Wan yana fitowa daga jirginta, sai ya shaƙe ta, da tsohon ciki. Suka gwabza da malamin, aka sare masa ƙafafu da hannu, wuta ta cinye jikinsa. Palpatin ya tsince shi, aka haɗa masa gaɓoɓin ƙarfe da injin numfashi, aka kifa masa kwalkwali. Padme ta haifi tagwaye, Luk da Leya, ta rasu. Aka raba jariran aka ɓoye su, uban bai san suna raye ba.

Daga nan har shekara 23 shi ne bulalar daula. Ba zan lissafa maka duka ba. Ya kama Leya ya gana mata azaba, bai san ɗiyarsa ce ba. Daular ta gina wani makami, girmansa kamar ƙaramin wata, mai iya fasa duniya guda da harbi ɗaya. Aka gwada shi bisa Alderan, inda Leya ta girma, inda iyayen riƙonta suke. Wani gwamna ne ya ba da umurni, gaskiya ne, amma Bador yana tsaye, ya riƙe yarinyar kada ta motsa, tana gani da idonta. Miliyoyin rayuka suka tafi cikin ƙiftawar ido. Ya kashe malaminsa da ya tsufa. Wani hafsan jirgi ya yi kuskure, ya zo da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Bador ya shaƙe shi har lahira, sa'an nan ya ce wa gawar ya karɓi haƙurin. Ka ga yadda yake yi da mai neman gafara in ikon yana hannunsa. Da ya gane Luk ɗansa ne, ya yi masa tarko, ya sare masa hannun dama, sa'an nan ya yi masa tayin nan da ya taɓa yi wa uwarsa: mu kawar da sarki, mu yi mulki tare. Luk ya gwammace ya faɗa rami.

Yanzu ga ƙarshen, a fim na 1983. Luk ya miƙa kansa da kansa, yana cewa har yanzu akwai sauran alheri cikin ubansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uban ya amsa masa cewa shi kam lokaci ya wuce masa, ya ɗauke shi ya kai gaban sarki. Aka haɗa su faɗa. Cikin faɗan Bador ya gano Luk yana da ƴar uwa, sai ya ce in shi ya ƙi, ita za a jawo. Luk ya harzuƙa, ya kayar da uban, ya sare masa hannu, ya ga wayoyi ne suka fito ba jini ba, ya dubi nasa hannun na ƙarfe. Sarki yana dariya ya ce ya ƙarasa shi ya gaji matsayinsa. Luk ya jefar da takobi. Sarki ya shiga zuba masa wata irin walƙiya daga yatsunsa, yaron yana birgima yana kiran babansa. Bador ya dubi ɗan, ya dubi sarki, ya sake duban ɗan. Sai ya sungumi tsohon, walƙiyar tana bi ta jikinsa, ya jefa shi cikin wani rami mai zurfi. Injin numfashinsa ya lalace. Ya roƙi Luk ya cire masa kwalkwali don ya gan shi da idonsa sau ɗaya. Sai ga wani tsoho fari fat, kai duk tabo. Ya ce wa ɗan ya tafi ya bar shi, ya kuma faɗa wa ƴar uwarsa cewa zaton alherin da ya yi masa gaskiya ne. Ya cika.

Da a nan aka tsaya, da ba mu yi gardama ba. Amma a daren bikin nasara, bayan Luk ya ƙona gawar shi kaɗai, sai aka nuna kurwar Anakin cikin haske, tana murmushi, kusa da ta manyan Jedai biyu, har da malamin da ya kashe da hannunsa. Wato mai labarin ya buga hatimi: an karɓe shi, ya koma cikin mutanen kirki.

Wani dattijo mahauci, wanda ya fi kowa shekaru a ajin, ya ce, "Malam, ya tuba, magana ta ƙare." Ya tuna mana labarin nan da ke cikin Buhari da Muslim, na mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na ɗari da wanda ya ce masa ba shi da tuba. Daga baya wani masani ya ce ya bar garinsu ya nufi garin mutanen kirki. Ya mutu a hanya, aka auna, aka same shi ya fi kusa da inda ya nufa, aka yi masa rahama. Wani saurayi tela ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba haka ba ne. Wannan tuban Fir'auna ne, sai da ruwa ya kai masa wuya." Ya ce mu duba da kyau: minti kaɗan kafin nan Bador yana barazanar ɓata ɗiyarsa, kuma da kunnensa ya ji sarki yana cewa a kashe shi a maye gurbinsa. Wanda maigidansa ya riga ya sayar, in ya juya wa maigidan baya, tuba ya yi ko ramuwa?

Na sani Bador ba mutum ba ne, ba shi da kabari, ba shi da hisabi. Ba kuwa ina daidaita tatsuniyar Amurka da maganar addini ba ne. Amma kowa da mudun gidansu yake awo, mu kuma namu ke nan.

A ganina tela bai yi daidai ba duka. Fir'auna ya yi magana ne don ya tsira, bayan mutuwa ta riga ta kama shi. Bador kuwa bai kama hanyar mutuwa ba sai da ya ɗaga sarkin. Da ya tsaya shiru, da Luk ya mutu, shi ya ci gaba da zama na biyu a daula, tunda ba magaji. Ya san abin da walƙiyar nan za ta yi wa injin da ke ƙirjinsa. Kuma akwai abin da ya sake a halinsa. Duk rayuwarsa, in ya so mutum sai ya damƙe shi: uwarsa, matarsa, ɗansa, kowa yana so ya riƙe, ko da riƙon zai yi kisa. Wannan ne karo na farko da ya so wani, ya buɗe hannu. Kujerar sarki ta zama wofi a gabansu, abin da yake kira gare shi ke nan tun da, amma bai ko waiwaye ta ba. Ya ce tafi ka bar ni. Wannan juyowa ce ta gaskiya, ban musa ba.

Shi ma dattijo, da girmansa, ban bi shi har ƙarshe ba. Labarin mai kisan ɗari labarin faɗin rahamar Allah ne, ba a ce mutumin ya biya ba. Malamai sun ce in laifi tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, sharaɗin tuba uku ne: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba ka komawa. In kuwa akwai haƙƙin wani, sai a ƙara na huɗu: ka mayar, ko ka nemi mai shi ya yafe. To, auna Bador. Ya daina, i. Nadama, mun gan ta a idonsa, amma saurari maganarsa ta ƙarshe: duk a kan kansa ce da ƴaƴansa. Bai ambaci almajiran nan ba, bai ambaci Alderan ba, ko sunan Padme bai kira ba. Ƙudurin rashin komawa, mutuwa ta hana a gwada. Na huɗu kuwa babu ko ƙwaya.

Kuma wa ya ceta? Ɗansa na cikinsa. Kaza ma tana tasar wa shaho saboda ƴan tsakinta, ba mu ce mata waliyyiya ba. Da ɗan wani ne yake birgima a ƙasan nan, da Bador ya motsa? Ba sai mun je wurin mai duba ba, shekara 23 ya yi yana ba da amsa. Wani zai ce ai ya kashe azzalumin sarki, ya ƴanta duniyoyi. Ka tuna a daidai wannan sa'a ƴan tawaye suna yaƙin fasa tashar da sarkin yake ciki, kuma sun fasa ta jim kaɗan bayan haka. Su ma da yawa sun bar ransu a can, ba wanda aka nuna kurwarsa cikin haske. Saboda haka in ka tambaye ni, Bador ya juyo, amma bai biya ba. Abin da ya samu kyauta ce daga ɗansa, shi kuwa ɗan rabonsa kaɗai yake da ikon bayarwa.

Na ce zan komo bisa yadda muka jera fina-finan. Waɗanda suka kalli ƙarshen nan a 1983 ba su ga ɗakin almajirai ba, don sai bayan shekara 22 aka nuna shi. Sun ga tuban kafin su ga mafi munin laifin, yafiya ba ta yi musu tsada ba. Mu kuwa mun iso wurin da fuskar yaron nan a zuciyarmu. Lukas kuma ya ƙara wani abu. A 2004, da aka sake fitar da fina-finan a faifai, ya cire kurwar tsohon ya sa ta saurayi, wato Anakin kafin ya sa kwalkwali. Ita muka gani, kuma ita ta fi ɓata mini rai. Kamar a ce shekarun nan 23 wani ne dabam ya yi su, an goge su yadda nake goge allo in an tashi. Tsohon nan mai tabo shi ne ya tuba. In akwai mai shiga haske, shi ya kamata, da tabonsa.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya sa maganar nan ta hana ni barci. Ina da shekara 11 mahaifinmu ya rasu. Ƙanensa, baffanmu, yana neman sarautar gari a lokacin, nema irin na ido rufe. Ya karɓe gonar gado ya ce riƙo zai yi mana, ya sayar da rabi ya yi hidimar neman rawani. Yayata tana aji biyar a lakwal, tana cikin na gaba-gaba. Ya fitar da ita ya aurar ga wani da yake neman goyon bayansa. Sarautar ma bai samu ba. Ni aka bar ni na ci gaba, don ni namiji ne. Shekarar da nake makarantar horon malamai ciwon ciki ya kayar da ni, likita ya ce sai an yi aiki. Baffa ya sayar da dokinsa, abu guda da ya rage masa na nuna isa, ya biya. Da ba don haka ba, wataƙila da wani ke rubuta wannan shafi. Da ciwon ajali ya kama shi ya aiko a kira mu. Na je, ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa, na yafe, kuma har zuciya. Yaya ba ta je ba. Na yi shekaru ina jin haushinta, ina ganin taurin zuciya ne.

Yau tana cikin ajin mata, tana sake tsintar karatun da ya zube mata. Daren da muka ga kurwar nan, muna tafiya gida, sai ta ce mini, "Kai, ka lura ƴar uwar ba ta ga fatalwar ba?" Na ce ban lura ba, Yaya. Washegari na koma na duba, haka ne. Luk kaɗai ke kallonsu. Leya ta zo ta jawo shi zuwa wurin biki, ba alamar ta ga kome. A hanyar nan Yaya ta ƙara da cewa, "Shi an sare masa hannu, an kuma ba shi rai. Ita an ƙone mata gari, aka aiko mata da saƙo." Ba ta ambaci baffa ba, ni ma ban ambata ba. Amma sai a lokacin na gane, ranar nan a bakin gadonsa rabona na gona na yafe, ni da aka sayar wa doki. Sai na ɗauka na yafe duka har da nata, na kuma ji haushi da ba ta zo ta dangwala hannu ba.

Dattijo mahauci ne ya ba ni abin da na rasa, ko da yake don ya ƙarfafa tasa maganar ya kawo shi. Ya ce ai Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, ya musulunta, an karɓa. Haka ne. Amma a ci gaban labarin, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi Wahshi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An karɓi tuba, ba a kashe shi ba, ba a fitar da shi daga jama'a ba, amma ba a ce wa mai ciwo dole ya yi murmushi ba.

Waɗanda suka ci gaba da labarin bayan Lukas kamar sun ji irin wannan ƙorafi. A wani littafi na 2016 mai suna Bloodline, an tona a gaban majalisa cewa Leya ɗiyar Bador ce, siyasarta ta rushe saboda uban da bai taɓa yi mata kome ba sai azaba. A fim na 2015 kuma ɗanta, jikan Bador, ya ajiye ƙonannen kwalkwalin kakansa yana yi masa magana kamar gunki, yana alkawarin ƙarasa aikinsa, har ya kashe mahaifinsa. Tuban na minti kaɗan ne, shaidarsa mutum ɗaya. Zaluncin kuwa a gaban kowa aka yi shi, shi jikan ya gada. A na 2019 ma sarkin da aka jefa rami ya dawo, amma wannan kam ina ganin neman kuɗin masu kallo ne.

Gardamar dai ba ta mutu ba. Mahauci yana nan a kan bakansa. Ya ce ni da tela ba mu tsufa ba ne, ranar da muka fara lissafin abin da hannunmu ya aikata za mu so a ce juyowar ƙarshe ta isa. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Kai ma in kana da abin cewa, ɗauki alƙalami ka rubuto da hannunka, ko layi uku ne, zan karanta a aji. Sun ce a sake nuna na ƙarshen ran Alhamis mai zuwa, tela yana so ya ƙirga sau nawa Bador ya waiwaya kafin ya ɗaga sarkin. Yaya ta ce za ta zo, amma da an kunna wutar ƙona gawa za ta naɗe tabarmarta, tana da daka da asuba.